Jifa na Shida a Good Rest

A ƙauyen Good Rest, can gaɓar Corentyne inda gonakin shinkafa ke ƙarewa a gindin katangar teku, akwai ƙungiyar kurket, wasan dukan ƙwallo da sanda, da ta girmi duk wanda ke buga mata wasa. Suna da fili shimfiɗaɗɗe. Suna da rumfar katako mai bene, ko da yake rufinta na yoyo ta kusurwa ɗaya. Suna kuma da Doodnauth, tsohon da ya shekara arba'in yana gyara tsakiyar filin nan, yana ba shi ruwa yana daddanne shi har ƙasar ta riƙa sheƙi. Abin da ba su da shi shi ne mutane. Samarin ƙauyen duk sun koma gajeren wasa, na zubi ashirin, kowane zubi jifa shida, wanda ake gamawa cikin awa uku, ga kiɗa, ga riguna masu launi, ga masu ɗauka a waya. Wasan kwana biyu kuwa, na fararen kaya, wanda mutum zai wuni a rana ya dawo gobe ya sake wuni, sai magidanta da waɗanda suka rasa yadda za su ce wa Doodnauth a'a.

A shekarar nan hukumar gunduma ta aiko da takarda. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe za a cire ta daga wasan kwana biyu, kuma babu rukunin ƙasa da za ta faɗa, domin an rushe shi tun bara. Wasa ɗaya ya rage wa Good Rest, da wata ƙungiya daga New Amsterdam wadda kowa ke kira 'yan birni. In an tashi canjaras sun tsira. In an ci su, an gama dogon wasa a filin nan.

Haka aka yi Yudesh, jikan Doodnauth, ya sa fararen kaya yana ɗan shekara goma sha huɗu. Wandon na wani ne, an naɗe ƙafarsa sau biyu. Yaro ne siriri amma mai ƙarfin wuyan hannu, kuma duk gaɓar an san shi da ɗaga ƙwallo ya tsallake igiyar iyaka ya faɗa kwalbatin bayan fili. A gajeren wasa ya saba, inda ake tafa wa mai duka, a yi wa mai karewa ihu.

Ranar Lahadi, kwana na biyu, lokacin hutun shayi, maganar cin wasa ta riga ta wuce. 'Yan birni sun yi musu nisan da ba a kamowa. Abin da ya rage shi ne tsayuwa: in 'yan birni suka fitar da mutum goma kafin zubin ƙarshe ya cika, sun ci; in mutum biyu suka rage a tsaye, canjaras ne. Shida sun riga sun fita.

Yudesh na zaune a matakalar rumfa, kakansa na durƙushe da gwiwa ɗaya yana ɗaure masa kariyar ƙafa. Ba ya kallon kakan. Idonsa na can ƙarƙashin bishiyar mangwaro, inda wani mutum mai farar hular rana ya jingina da motarsa. Mista Fung ne, daga makarantar horon 'yan gajeren wasa ta Georgetown. Wani ya tura masa hoton bidiyon Yudesh, shi ne ya yi tuƙin awa uku ya zo ya gani da idonsa.

"Ka ci gurasar rotin nan," in ji Doodnauth.

"Na ƙoshi, Aja." Haka yake kiran kakan nasa.

"Ba ka ƙoshi ba, cikinka ne ya ƙulle. Ci rabi." Ya ja igiyar kariyar ya ɗaure. "Ka ga mutumin, na ga ka gan shi. Ban ce ka manta da shi ba. Amma yau ba maki muke nema ba. Ƙwallon da ya nufo turakun nan uku da ke bayanka, ka tare shi da sanda a miƙe. Wanda ya kauce, ɗaga hannu ka bar shi ya wuce."

"In na bar su duka, me zai gani?"

"Zai ga yaron da ba a iya fitarwa."

"Ba irinsa ya zo nema ba, Aja."

Doodnauth ya dafa kafaɗar jikan ya miƙe da ƙyar, gwiwar ta yi ƙara. "Na sani," ya ce.

Jifa na uku bayan hutu mutum na bakwai ya fita, Yudesh ya sauka.

Kyaftin ɗin 'yan birni shi ne mai tsaron bayan turaku, wani gajere mai faɗin ƙirji da ake kira Royston, bakinsa ba ya hutawa. Tun kafin Yudesh ya gama jan layi a ƙasa da takalminsa ya fara.

"Jama'a, an tashi 'yan firamare ne? Yaro, wandon babanka ne ko na kakanka? Kellon, a hankali, kar mu shiga uku da uwarsa."

Kellon shi ne mai jifan ƙarfi, dogo, yana tahowa da gudu daga ɓangaren teku da iska a bayansa. Na farko ya wuce gefen kunnen Yudesh da wani sauti kamar an yaga ƙyalle. Na biyu ya kauce, ya ɗaga hannu ya bar shi. Na uku ya nufo turaku, ya sa sanda a miƙe, ƙwallon ya mutu a gaban ƙafarsa. Hannunsa ya yi zugi har gwiwar hannu.

Haka ya yi ta yi. Awa ɗaya ta wuce yana da maki tara. Inuwar rumfa ta fara rarrafowa cikin fili. Daga ɓangaren titi wani mai murza ƙwallo ne ke jifa, a hankali, yana lilo da shi sama kamar mai miƙa wa yaro alewa, kuma sau uku hannun Yudesh ya ɗaga sandar da kansa kafin ya danne ta. Duk sanda ya saci kallon mangwaron, sai ya ga Mista Fung ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

"An ce mana kai ne mai jefa ƙwallo a kwalbati," in ji Royston daga baya. "Ashe ƙarya ake mana. Kakata ma ta fi ka ɗaga sanda, kuma shekararta biyu a ƙasa."

Mutum na takwas ya fita, ƙwallo ya goge gefen sandarsa ya faɗa hannun Royston. Na tara ya daɗe, ya yi kusan minti arba'in, sannan a jifan ƙarshe na wani zubi mai murzawa ya yaudare shi, turken tsakiya ya kwanta. Alƙalin wasa ya duba katinsa ya ɗaga yatsu biyar. Zubi biyar suka rage, jifa talatin, kuma mutum ɗaya ya rage a rumfa.

Ewart Fraser ya fito yana gyara hular kwano da ta yi masa yawa. Masunci ne, shekararsa arba'in da tara, kuma a jifa har yanzu ana shakkarsa. A riƙon sanda kuwa, duk Corentyne an san bai taɓa wuce maki huɗu ba, su ma huɗun ƙwallon ne ya bugi sandar. Ga shi idonsa na hagu ya fara hazo. Ya tako har tsakiyar fage, Yudesh ya tare shi.

"To, ɗan Aja," in ji Ewart, "ni da kai ne."

"Ankul, kana ganin ƙwallon Kellon kuwa?"

"Ina jin sa dai in ya wuce." Ya tofar da yawu gefe. "Saurara. Ka san lissafin, amma bari in faɗa maka da bakina. Jifa shida suna cika, ana komawa ɗaya ɓangaren a jefo, wanda ke tsaye can shi zai karɓa. Don haka huɗun farko, ko ƙwallon ya tafi Suriname, kar ka motsa. Na biyar ko na shida, tura shi gefe mu yi gudu ɗaya mu yi musanya. Ɗaya fa. Ba biyu ba, ba huɗu ba. In ka yi haka kai za ka yi ta karɓa, ni kuma in tsaya can in yi ta kyau."

"Ɗaya," in ji Yudesh.

"Yawwa. Matata ta ce in dawo da haƙorana cif."

Royston ma ya san lissafin. Kellon na karɓar ƙwallo ya watsa mutanensa can nesa, ya bar fili fetal, gudu ɗaya a ɓagas ga duk mai so. Jifan farko Yudesh ya tare, ƙwallon ya gangara inda babu kowa. Ƙafarsa ta ɗaga. Ewart ya ɗaga masa tafin hannu daga can, ya koma. Na biyu ma haka. Wasu samari da suka tsaya a kan babura a bakin titi suka fara dariya, ɗaya ya ce ko ƙafar yaron ta lalace ne. Ana zuwa na biyar Royston ya yi fito, duk mutanen suka matso suka yi zobe. Yudesh ya sassauta hannu, ya bar ƙwallon ya zame ta gefen sanda, ya ce, "Zo." Suka yi musanya. Saura jifa ɗaya a zubin, kuma Ewart ne zai karɓe shi. Ya sa sanda a wani wuri, ƙwallon ya bi wani wuri, ya wuce turaku da faɗin yatsa biyu.

"Na bar shi ne da gangan," Ewart ya ce wa Royston.

"Baba, ko ganinsa ba ka yi ba."

Saura huɗu. Zubin mai murzawa ya zo da sauƙi: biyar a tare, na shida Yudesh ya tura tsakanin mutum biyu suka ruga. Saura uku. Kellon ya dawo da fushi, ya dasa na biyu a tsakiyar fage ya taso ya sami Yudesh a kafaɗa. Sandar ta faɗi. Ya ɗauka, ya juya baya don kar su ga idonsa, ya ja numfashi har uku. Na biyar bai samu hanya ba. Na shida ya faɗi kusa da ƙafarsa, bai ma san ina ya yi ba ya ji Ewart na cewa "Taho, taho," ya ruga ya zube da ciki, ƙura ta cika masa baki. Alƙali ya girgiza kai: bai fita ba.

Daga rumfa aka yi tafi, ba mai yawa ba, irin na mutanen da ke tsoron yin murna da wuri. Doodnauth bai tafa ba. Yana tsaye a bakin igiya, hannayensa a baya.

Saura biyu. Mai murzawa zai yi ɗaya, Kellon ya rufe.

Yudesh ya tare na farko da na biyu. Kafaɗarsa na bugawa kamar zuciya. Ya tare na uku. Yana ɗagowa ya ga Mista Fung ya sa wayar a aljihu, ya cire hular rana ya jefa ta tagar mota, ya zagaya ɓangaren direba.

Royston ma ya gani. Bai ɗaga murya ba wannan karon, a hankali ya yi magana, kamar mai tausayi. "Baƙonka zai tafi, yaro. Awa uku ya yi a hanya, ka ba shi maki goma sha biyu. Ba zai sake zuwa ba, na san shi."

Na huɗu, ya tare. Na biyar ya so turawa, amma mutanen sun matso har yana jin numfashinsu, babu ko tazarar da kaza za ta bi. Ewart ya ɗaga yatsa ɗaya daga can ya riƙe shi a sama.

Royston ya taka ya je ya yi wa mai murzawa raɗa, ya dawo ya tsuguna. Bai bar ko mutum ɗaya a bakin iyaka ba. Can ƙarƙashin mangwaro ƙofar mota ta buɗe.

Ƙwallon ya taho a sama, a hankali, ja, yana juyawa, irin wanda Yudesh ya buga sau dubu. Ya yi niyyar turawa. Har ya fara sunkuyawa. Sai ƙafarsa ta fita da kanta, sandar ta sauko ta tashi, ya ji wannan taushin da ake ji in ƙwallo ya sami tsakiyar katako. Bai taɓa buga mai kyansa ba. Ya haye kan mai jifa, ya haye igiya, ya haye titi, ya faɗa kwalbati ruwa ya yi tsalle.

Samarin babura suka danna ham. Alƙali ya ɗaga hannu biyu, maki shida. Yudesh ya juya da murmushi ya nemi mangwaron, ya ga Mista Fung tsaye da ƙafa ɗaya a cikin mota, yana kallon inda ƙwallon ya faɗa.

Sai ya lura rumfa shiru take.

"Zubi ya cika," in ji alƙali.

Royston ya cire safar hannu ɗaya ya buga ta a tasa cinyar sau biyu, a madadin tafi. "Bugu mai kyau, yaro. Na gode."

An ɗauki lokaci kafin a tsamo ƙwallon da dogon gora, a goge shi da tawul. Duk lokacin nan Yudesh na tsaye inda yake. Babu musanya, don a bugun maki shida ba a gudu. Ɓangarensa ya zama na mai jira, kuma can ɗaya ɓangaren Ewart na gyara hular kwano, Kellon na auna takunsa daga wajen teku. Ya tafi tsakiyar fage.

"Ankul, ban yi niyya ba. Hannuna ne..."

"Na gani. Bar shi." Ewart bai kalle shi ba, Kellon yake kallo. "In na samu na taɓa shi ya yi nisa, zan kira ka. In ban kira ba, kar ka fito. Jifa shida ne kawai, ai na sha dukan igiyar ruwa da ya fi wannan."

Royston ya kawo kowa kusa, mutum tara a kewaye da tsoho ɗaya.

Na farko ya taso ya sami Ewart a haƙarƙari. Sautin ya kai har rumfa. Ya dafa sanda ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya miƙe ya koma layi. Na biyu bai gan shi ba, ya wuce saman turaku. Na uku ya bugi safar hannunsa ya faɗi ƙasa ya gangara taku huɗu. Yudesh ya zabura har ya yi rabin hanya.

"Koma," in ji Ewart. "Koma."

Yudesh ya juya ya zube, ƙwallon da aka jefo ya kuskure turakunsa. Ya tashi. Babu mai magana yanzu, har Royston. Ana jin ƙarar injin casar shinkafa daga can ƙarshen ƙauye.

Na huɗu, Ewart ya ajiye maganar sanda, ya sa jikinsa gaba ɗaya a gaban hanya, ƙwallon ya same shi a cinya sama da kariya. 'Yan birni suka yi kururuwar a fitar da shi don ya tare turaku da jiki. Alƙali ya dube su ya ce ya yi sama da yawa. Saura biyu. Yudesh ya ji kansa yana ƙirgawa a fili. Kellon ya goge ƙwallon a wando, ya juya, ya taho.

Na biyar bai taso ba. Ƙasa-ƙasa ya zo, daidai yatsun ƙafa. Ewart ya sauke sanda, ya makara da ƙiftawar ido. Turken gefe ya tuge ya yi tsalle biyu a baya.

'Yan birni suka ruga suka rungume Kellon. Ewart ya tsaya yana kallon ramin da turken ya bari, sannan ya sa sanda a hammata ya fara ɗingishi zuwa rumfa. Yudesh ya bi shi a baya, bai yarda ya jera da shi ba.

A bakin igiya Mista Fung ya tare shi. Mutum ne mai fara'a, ya miƙo hannu. "Yudesh ko? Har na fidda rai, sai ka yi wancan bugun. Shi na zo gani. Ƙafa, ido, wuyan hannu, duk suna nan. Wannan tare-taren kuwa za mu cire maka shi cikin wata guda. Asabar mai zuwa, ƙarfe tara, ka zo da babba." Ya sa masa kati a hannu, ya gaida Doodnauth da ladabi, ya tafi.

Doodnauth ya karɓi katin ya karanta, ya mayar masa. "Ka adana shi, kar gumi ya jiƙa shi. Ni zan kai ka."

"Aja, an cire mu ke nan?"

"An cire mu."

"Ni na jawo."

Tsohon ya ce, "Mutum tara sun fita kafin wannan, kuma kai ka kai mu har inda muka kai. Amma ba zan ce maka ba kuskure ba ne, don ka riga ka sani." Ya shafa kan yaron. "Je ka duba Ewart. Ni zan je in kwaso turaku."

A cikin rumfa Ewart na kwance a benci, an ɗage masa riga. Mai sayar da ƙanƙarar sha ya kawo guntun ƙanƙara a leda an ɗora masa a haƙarƙari, wurin ya kumbura ya yi baƙi, har ana ganin shatin ɗinkin ƙwallon a fata. Yudesh ya tsaya a kansa.

"Zo riƙe min ledar nan, hannuna ya gaji," in ji Ewart. Yudesh ya zauna ya riƙe. "Huɗu na tare, ka ƙirga? Huɗu na Kellon. Ka faɗa wa matata, ni ba za ta yarda da ni ba." Ya so yin dariya, ciwon ya hana shi. Ya lumshe ido. "Ya yi kyau fa, bugun. Har ni na bi shi da kallo."

Ruwan ƙanƙarar na bin yatsun Yudesh yana ɗiga a katako. Ya gane cewa a jifan nan na shida maki ɗaya kawai ake nema a wurinsa, kuma sauran biyar ɗin da ya ƙara kansa ya bugo wa, ba Good Rest ba.